Hammadu Mai Sauraron Ɗakuna

Yayana Hammadu bai taɓa iya kaɗa ko da gurmi ba. Ba ya waƙa, ba ya rawa, a wurin biki ma can gefe za ka same shi tsugune kusa da wayoyi. Amma tsofaffin masu cajin waya na Argungu da Birnin Kebbi sun san wasu kiɗan jita guda tara da aka yi shekaru ana tura wa mutane a memori, waɗanda duk mai sauraro yakan tambayi garin da aka ɗauke su. A Gulma aka ɗauke su, a cikin gidanmu, kuma Hammadu ne ya ɗauka.

Ni sunana Nazifa. Shekara tara ya ba ni, ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Birnin Kebbi. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani shi ya ba ni labari.

Mahaifinmu Malam Usmanu manomi ne, shinkafa da damina, albasa da rani. Hammadu ya gama firamare ya yi shekara biyu yana binsa fadama, amma hankalinsa ba ya can. Duk rediyon da ya mutu a unguwa sai a same shi a hannunsa a buɗe. Baba ba mai yawan magana ba ne. Wata safiya ya goya shi a keke ya kai shi Argungu wurin wani mai gyara, ya ce a koya masa. Bayan shekara shida Hammadu ya buɗe rumfarsa ta kwano kusa da tasha. Yana gyaran rediyo da kaset da lasifikar masallaci, kuma shi ake kira ya ɗaura lasifika a wurin biki ko wa'azi. Yakan zauna dab da ita tun daga farko har a tashi, don in ta fara shirin yin kuka ya riga kowa ji. Ya auri Hanifa, 'yar maƙwabtanmu, yana kwana Gulma yana wuni Argungu.

A wannan rumfar Malam Yari ya same shi. Yari tela ne, mutumin Kamba, dogo siriri mai sanyin magana. Ya yi zama a tsallaken iyaka yana saurayi, a can ya koyi jitar lantarki, kuma yakan kaɗa a biki in an gayyace shi. Ranar ya sauka daga kabu-kabu rungume da amfilifayarsa, wato akwatin nan mai lasifika a ciki da ake jona wa jita don sautinta ya fito. Tsohuwa ce, baƙa, ɓera ya ci gefen ƙyallen gabanta. Ta daina magana gaba ɗaya.

Kwana biyu Hammadu ya yi a kanta ta tashi. Yari ya dawo da jitarsa, ya jona, ya kaɗa kaɗan a cikin rumfar, sai ya ɗaga hannu.

"Ta tashi, Malam Hammadu, amma wagga ba muryarta ba ce. Awa ana bugun tasa."

Hammadu ya sake buɗewa bai ga komai ba. Abin ya dame shi, don ba ya son aikinsa ya fita da ƙorafi. Ya ce wa Yari zai tafi da ita gida ya duba a natse, in ya samu dama ya biyo shi Gulma ranar Juma'a.

Yari ya zo da hantsi. Babu wurin zama a gidan sai tsohon ɗakin kakanmu, wanda muke tara buhunan shinkafa a ciki. Ginin ƙasa ne na dā, katangarsa ta kai kamu guda a kauri, rufinsa azara ce, yaɓensa duk tudu da kwari, ƙasansa daɓe. Hammadu ya tayar da ƙaramin janareta ya jawo waya. Ina tsakar gida ina wanki lokacin da Yari ya taɓa igiya ɗaya, ya bar ta ta yi ta mutu don kanta, sannan ya sake taɓawa. Har Innarmu Laure ta dakata da tankaɗe.

"Mi ka yi mata?" in ji Yari.

"Ban taɓa komi ba tun ranar da ka barta."

Hammadu ya tsaya yana kallon akwatin, sannan ya ɗaga kai yana kallon azara. Ya sungumi amfilifayar ya fito da ita tsakar gida ya ce Yari ya kaɗa. Sautin ya fito siriri, iska ta kwashe shi. Ya shigar da ita ɗakin Inna, wanda aka gina da bulo aka rufa da kwano, sautin ya dinga dukan bango yana dawowa da ƙara mai sa haƙori tsami. Suka koma ɗakin ƙasa, murya ta dawo cike da kauri, kowace igiya ana jin ta daban. Har aka kira sallar Juma'a suna jigilar akwatin nan daga ɗaki zuwa ɗaki, manyan mutane biyu, gumi ya jiƙa su.

Hammadu ya gaya mini daga baya cewa ranar ce ya gane rabin abin da kunne ke ji ba daga lasifika yake fitowa ba, daga ɗaki yake. Tun daga nan ya samu wata ɗabi'a. Duk ɗakin da ya shiga, ko na gaisuwar mutuwa ne, sai ka ga ya ɗan karkata kai yana saurare. In wurin babu kowa, sai ya tafa hannu sau ɗaya ya tsaya ya ji yadda tafin zai mutu.

Ya sayi tsohuwar kwamfuta da makirfo a hannun wani mai ɗaukar bidiyon biki, suka fara ɗaukar kiɗan Yari. Babu wanda ya koya masa, gwaji ya yi ta yi. Ya gano in ya manna makirfo a jikin ƙyallen akwatin, akwatin kaɗai zai kama, sautin ya fito a bushe. In ya ja shi baya kamar gaba biyu, sai ɗakin ya shigo ciki. Ya gano in amfilifayar na ƙasa ko a kusurwa sai ta yi ta gurnani, don haka ya kifa tsohon turmin Inna a wajen tsakiyar ɗakin ya ɗora ta a kai. Har buhunan shinkafa ya san aikinsu. Bayan girbi, in sun cika bango ɗaya har sama, sauti yakan tsaya cak. Zuwa bazara, in an ci an sayar sun ragu, sai ya yi ɗan jela. Yakan ce wa Yari wane kiɗan na kaka ne, wane sai an jira bazara, Yari ya yi dariya ya jira.

Janareta can bayan rumbu ake kai shi don kada ƙugunsa ya shiga. Lokacin aikinsu hantsi ne, in mata sun gama daka. Baba sharaɗi ɗaya ya kafa, kada ya ji igiya in an kira salla, kuma ba su taɓa saɓawa ba. Kiɗan Yari ba na tashin hankali ba ne, yawancinsa ba waƙa a ciki, jita ce kawai ke tafiya a hankali kamar kwalekwale a ruwan rani. Ya ce guda goma sha biyu ke gare shi nasa na kansa. A shekara shida suka ɗauki tara, don Yari na da ɗinki a gabansa, Hammadu kuma in bai gamsu ba sai a sake. Bayan rasuwar Baba suka ɗan yi sanyi, kullum ana cewa sauran ukun sai bayan girbi.

Sai damina ta shekarar 2020 ta zo. Ruwa ya cinye shinkafar fadama, ya hauro cikin unguwarmu. Bai yi ƙarfin da zai ture gini ba, tsayawa kawai ya yi a gindin katanga, iya ƙwauri, ya ƙi tafiya. Hammadu ya fitar da Inna da Hanifa da yara zuwa makarantar firamare da ke kan tudu, ya kwashe kayan aikinsa da buhunan da suka rage. Kullum yana komawa ya zagaya ɗakin yana taɓa bango, ƙasa na narkewa a hannunsa. A rana ta huɗu da safe, yana tsaye a ƙofar gida, ɗakin ya zauna. Ya ce bai yi wata ƙara ba, sulalewa ya yi, azara ta kwanta a kai.

Ba shi kaɗai ya yi asara ba, wasu ma sun fi shi, don haka bai yi wa kowa maganar ba. Gona ta tafi, mutanen da ke kawo gyara su ma abinci suke nema. Da ruwa ya janye ya gyara wa Inna ɗakinta na bulo, ya kwaso iyalinsa zuwa Birnin Kebbi, suka kama ɗaki biyu a Badariya kusa da ni.

Wani mai suna Atiku, wanda ke da situdiyon ɗaukar waƙoƙi a unguwar Nasarawa, ya ji labarin mai ɗaukar kiɗan Gulma ya shigo gari, ya zo da kansa ya neme shi. Mutumin kirki ne, yana girmama shi, Baba Hammadu yake ce masa. Situdiyon a saman bene yake, ginin bulo mai kusurwa huɗu daidai, ƙasa tayil, bango sumul da fenti, ga tagar gilashi. Ranar farko Hammadu ya tsaya a tsakiya ya tafa hannu. Tafin ya yi ta karkarwa tsakanin bango da bango.

"Wanga ɗaki shina da surutu," ya ce.

Ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya shimfiɗa darduma, ya rataya barguna, ya manna kiret ɗin ƙwai a bango kamar yadda ya ga wasu na yi. Karkarwar ta ragu, amma gurnanin ƙasa ya zauna, kuma sautin ya zama kamar na wanda aka toshe wa baki. Ya kira Yari ya zo da amfilifayarsa suka gwada wuni guda. Da suka saurara, Yari ya naɗe wayarsa a hankali.

Atiku ya ce, "Baba Hammadu, ai yanzu ba a wahala da akwati. A jona jitar kai tsaye cikin kwamfuta. Akwai ɗakuna iri-iri a ciki, babba da ƙarami, har na dutse. Sai ka zaɓa."

Ya nuna masa. Hammadu ya sa abin saurare a kunne ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya fi sa'a guda. Da ya cire ya ce aikin na da kyau, kuma ba ƙarya yake ba, da shi ya ci gaba da yi wa mawaƙan Atiku aiki fiye da shekara biyu. Amma ya ce ba zai sa kiɗan Yari a ciki ba.

A rani na biyu ya fara komawa Gulma duk ƙarshen mako. Ya nemo wani tsohon magini, Tamba, wanda ya san ginin dā. Suka tone tushen ɗakin kakanmu suka bi shi sawu da sawu. Suka kwaɓa ƙasa da ciyawa, suka yi tubali, suka ɗora katanga mai kauri irin ta farko. Azarar giginya ta yi wuya, sai da ya je har wajen Yauri ya samo, wasu kuma ya tsamo daga cikin tsohon tarin ya kankare. Tamba ya so ya yi masa yaɓe mai santsi, Hammadu ya hana, ya ce a bar tudu da kwarin. Mutanen unguwa suna ta mamakin mai zama birni da ya dawo yana ginin ƙasa alhali kowa na neman bulo. Hanifa ma ta yi magana sau ɗaya, ta ga fuskarsa, ba ta sake ba.

Rani biyu aka yi ana ginin. Ranar da aka gama daɓe ya bushe, na je Gulma duba Inna, ya ce in zo in gani. Ya jera buhuna a bangon gabas, ya kifa turmi. Ya tsaya a tsakiya ya tafa hannu. Ya jira. Ya sake tafawa. Ya matsa kusa da ƙofa ya sake.

"Ya mutu," ya ce. "Babu haske cikin sautin. Ko ƙasar ba ta gama shan iska ba."

Ina tsaye a gefensa na hagu, na ce, "Yaya, ni dai na ji kamar na dā."

Bai juyo ba. Na sake faɗa da ɗan ƙarfi, bai juyo ba. Na zagaya ta damansa na faɗa, sai ya dube ni ya ce, "Mi kika ce?"

A nan na fara zargin kunnensa. Na tuna yadda Hanifa ke cewa ya fara ƙure rediyo, da yadda yake kallon bakin mutum in ana magana. Na yi makonni ina lallashinsa kafin ya yarda muka je wurin likitan kunne. Aka sa shi cikin wani ɗan ɗaki aka yi ta aika masa sauti yana ɗaga hannu in ya ji. Ina kallonsa ta gilashi, sau da yawa likitan na danna abu hannun Hammadu na kan cinyarsa. Likitan ya ce kunnen hagu ya kusa tafiya duka, na dama kuma ya daina kama siraran sauti. Ya tambayi aikinsa, da aka gaya masa ya gyaɗa kai. Ya ce shekarun zama kusa da lasifika ne, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a kiyaye sauran.

Muka koma Badariya. A ƙofar gida ya tsaya.

"Nazifa, ke nan ban san ko ɗakin ne ko ni ne ba."

"Yaya, a kira wani ya saurara maka. Atiku zai zo."

"Atiku bai taɓa shiga na farkon ba. Da mi zai gwada?"

Ya ajiye aikin situdiyo a watan. Atiku ya roƙe shi ya zauna ko don ya riƙa ba da shawara, ya ce ba zai karɓi hakkin mutane a kan abin da ba ya ji ba. Ya mayar da iyalinsa Gulma.

Shi ma Yari lokacin ba shi da lafiya. Ciwon suga ya kama shi, yatsunsa sun fara mutuwa, har ɗinki ya bari. Da ya ji an gama ɗakin ya aiko cewa zai zo a ɗauki sauran ukun tun hannu na motsi. Hammadu bai ɓoye masa ba, ya gaya masa abin da likita ya ce. Yari ya ce shi ma ba da yatsun dā zai zo ba, sai su haɗa abin da ya rage musu.

Ya zo bayan girbi, wata Asabar da hantsi. Na ɗauki hutu na je. Ya rame ƙwarai, sai da aka riƙe masa akwatin. Hammadu ya ɗora shi a kan turmi, ya auna gaba biyu da hannunsa, ya kafa makirfo. Dā yakan ɗauki rabin wuni yana matsar da shi yatsa ɗaya gaba yatsa ɗaya baya. Ranar sau ɗaya ya kafa ya koma ya zauna, idonsa a kan layukan da ke motsi a fuskar kwamfuta. Yari ya kaɗa ukun a jere, yana hutawa a tsakani. Wani wurin yatsa ya zame masa, bai tsaya ba, Hammadu ma bai ce a sake ba. Inna na zaune a bakin ƙofa da carbinta.

Da aka gama aka kunna masa. Yari ya saurara ido rufe.

"Ya yi, Malam Hammadu."

"Awa na dā?"

Yari ya buɗe ido. "Ban iya rantsuwa. Na dā ya daɗe. Amma ya yi."

Hammadu bai ba masu cajin waya ukun nan ba. Ya ce ba zai fitar da abin da bai ji da kunnensa ba. Yari bai matsa masa ba. Watanni biyar bayan haka aka aiko daga Kamba cewa Allah ya yi masa rasuwa. Hammadu ya je jana'iza, ya kwana uku, ya dawo da amfilifayar, don Yari ya bar wasiyya a ba shi.

Bayan arba'in wata mata ta zo asibitinmu tana tambayata. Ta ce sunanta Ummu Hani, babbar 'yar Malam Yari ce, tana aure a Birnin Kebbi. Mahaifinta ya gaya mata akwai kiɗansa na ƙarshe a Gulma, tana so ta ji. Ranar Lahadi muka shiga mota tare.

Mun sami Hammadu a zaure yana kwance injin ban ruwa. Na yi masa bayani ta kunnen dama. Ya yi mata gaisuwa, ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da memori a ƙulle cikin takarda. Ta sa a wayarta nan take, ta zauna a kan tabarma tana ji. Na farko ya wuce, na biyu ya wuce, hawaye na zuba ba ta share ba. Can sai ta yi 'yar dariya cikin kukan ta rufe baki.

"Mi ya faru?" in ji Hammadu.

"Baba ne ya yi magana. Kafin na uku."

"Magana? Mi ya ce?"

Ta ɗaga murya. "Ya ce, bari in huta, yatsun ga sun zama na aro. Sai ya yi dariya."

Hammadu ya dubi wayar. Yana zaune gaba uku da Yari lokacin da ya faɗi haka, kuma ya kunna abin shi kaɗai ya fi sau ashirin, bai san akwai magana a ciki ba. Ya karɓi wayar ya manna a kunnen dama, ta mayar masa wurin, ya saurara, ya girgiza kai ya miƙa mata.

"Kawu, in ba mutane?" ta tambaya.

"Na ubanki ne. Ki yi yadda kika ga dama."

Ta ba 'yan'uwanta, daga nan ban san inda ya kai ba.

Yanzu Hammadu na da shekara hamsin da ɗaya. Yana gyaran injin ban ruwa da fitilun sola, aikin da ido da hannu suka isa, yana kuma noma gonar Baba. Masu kawo gyara sun saba, ta dama suke tsayawa. Ɗakin da ya gina Hanifa na shanya albasa a ciki, ta ce ba ta taɓa samun wurin da albasa ke daɗewa haka ba. Watan jiya da na je, ya rako ni bakin titi, muna jiran mota ya ce in gaya wa Atiku ya zo ya ɗauki makirfo da sauran wayoyin kafin damina, kada sanyi ya lalata su. Na tambaye shi amfilifayar fa. Ya ce ita a barta. Na isar da saƙon, Atiku ya ce zai je, har yanzu dai bai samu zuwa ba.